Suna ɗaukar zanena su riƙe kuɗina: in rufe biro in tafi Yamai?

Wata baiwar Allah ce a nan Damagaram ta rubuto mana, ga abin da ta ce a taƙaice:

"Assalamu alaikum. Na yi karatun zanen gine-gine a Lome, na dawo gida na buɗe ɗan biro mai ɗaki guda, ni da wani yaro da ke taya ni aikin kwamfuta. Yau shekara biyu da rabi. Na zana gidaje 14, biyar kaɗai aka biya ni cif. Sauran duk 'yan uwa ne da abokan maigidana, su karɓi takarda su miƙa wa magini, sai dai in ga gini ya tashi. Abin da ya fi ƙona mini rai, wani gida da na zana dal ɗinsa, wato rufin kankare, ya tsage saboda magini ya rage ƙarfe ba da sanina ba, amma a unguwa cewa ake yi ai ginin mace ne. Maigida bai hana ni ba, sai dai shi ke biyan hayar biro, kuma na ga alamar ya gaji. Yanzu an yi mini tayin aikin albashi a Yamai. In rufe in tafi?"

Wa alaikis salam, 'yar'uwa. Allah Ya sanyaya miki. Kada ki rufe tukuna. Wanda aka kawo wa aiki sau 14 cikin wata talatin bai rasa kasuwa ba. Ciwon yana wajen abin da kike sayarwa da yadda kike miƙa shi. Takarda kike sayarwa, a garin da magina suka gaji gini kaka da kakanni, suna shata ɗaki da ƙafa da igiya. A idon Alhaji mai ginin, takardar nan zane ce kawai da kika yi a zaune cikin inuwa, don haka bai ga dalilin biyan ta ba. Abin da zai biya da daɗin rai shi ne wanda zai faɗa masa buhun siminti nawa gidan zai ci tun kafin a haƙa tushe, ya kuma tsaya ya ga an zuba su cikin ginin. Wannan ne hajarki ta gaskiya, kuma har yanzu ba ki kasa ta a kasuwa ba.

Mu fara da kuɗi, tunda shi ke neman korar ki. Daga yau kada ki ɗaga fensir sai an sa hannu a yarjejeniya. Shafi biyu ya isa: sunan mai gida, lambar fili, abin da za ki yi, abin da ba ya cikin aikinki, jimillar kuɗi da lokutan biya. Ki rubuta da Faransanci saboda hukuma, ki karanta masa da Hausa a gaban shaida ɗaya daga ɓangarensa. Ladan ki kasa shi huɗu. A ce gida ne na sefa miliyan 20, kun daidaita a kan kashi 5 cikin ɗari, wato miliyan ɗaya. Ranar sa hannu ki karɓi jika 250, da ita za ki je fili ki auna, ki zauna da iyali, ki fito da zanen farko. Idan ya amince da zanen, ya ba da jika 250, ki haɗa takardun neman izinin gini na ma'aikatar magajin gari. Jika 200 kuma ranar da za ki miƙa cikakken zanen aiki da lissafin kaya. Jika 300 da suka rage na sa ido ne a shantiye, wato wurin gini, a biya su kashi-kashi: bayan tushe, bayan an kai linta, bayan dal, sai ranar karɓar gida. Lambobin misali ne, ki daidaita su da girman aiki, amma ƙa'idar kada ta motsa: ba ki shiga mataki na gaba sai an biya na baya.

Akwai dabara a cikin abin da kike miƙawa a kowane mataki. Zanen farko ki buga shi a ma'aunin 1/100, da sunayen ɗakuna da faɗinsu a dunƙule, ba awon bango, ba zanen ƙarfe, a kai kuma a rubuta da manyan baƙaƙe cewa ba na gini ba ne. Magini mai wayo zai iya kwaikwayon siffarsa, amma ba zai san kaurin ginshiƙi ko yawan ƙarfe ba. Zane mai cikakken awo na 1/50 ba ya fita daga biro sai kuɗinsa ya shigo. Fayil ɗin kwamfuta kuwa kada ki tura wa kowa ta WhatsApp, domin fili ɗaya aka biya ki, kuma da fayil a hannu za a gina gida uku da shi. Ki rubuta a yarjejeniya cewa gyaran zane sau biyu yana cikin kuɗin, na uku da kuɗinsa daban. Ba don rowa ba ne. Mai gidan da bai san gyara na da tsada ba zai yi ta juya ki wata shida, yau a ƙara ɗaki, gobe a mayar da ƙofa gabas saboda wani aboki ya ba shi shawara.

'Yan uwa su ne wuri mai wuya, kuma ba za mu ce ki bushe musu ido ba, zumunci ya fi ƙarfin miliyan ɗaya. Ki ware wa kanki gida ɗaya a shekara da za ki zana kyauta saboda Allah, ki zaɓe shi da kanki. Sauran ki rubuta musu cikakken farashi a takarda, a ƙasa ki rubuta ragin da kika yi, kashi 20 ko 30, domin su ga abin da aka yafe musu. Alherin da ba a ga girmansa ba, gobe haƙƙi ake ɗaukar sa. Abokan maigida kuwa, ki roƙe shi ya riƙa ce musu: "Ku je biro ku same ta, ni ban san farashinta ba." Wannan magana guda za ta sauke masa nauyi, ta sauke miki.

Ki zauna da littafi ki san abin da biro ke ci a wata: haya, wuta, intanet, man babur ko kuɗin adaidaita zuwa shantiye, takarda da tawada, albashin yaronki, da albashinki ke kanki, wanda muka tabbata ba ki taɓa rubuta shi ba. Ki ninka sau 12, ki raba da yawan ayyukan da za ki iya ɗauka a shekara ba tare da kin yi musu riƙon sakainar kashi ba. Abin da ya fito shi ne farashin da ba za ki sauka ƙasa da shi ba. Ki tuna shekarar gini ba ta tafiya daidai: daga Yuli zuwa Satumba aiki kan ja baya, kuɗi sai bayan kaka suke motsi, saboda haka duk abin da ya shigo ki cire kashi 10 ki ajiye wa damina. Asusun biro daban, na cefane daban. Takardunki kuma su cika: rajistar kasuwanci ta RCCM, lambar haraji ta NIF, rajista da ƙungiyar masu zanen gine-gine ta ƙasa, da sanya yaronki a CNSS, asusun fansho da kula da ma'aikata. Ba tare da su ba, ƙungiyoyin agaji da ma'aikatun da ke gina azuzuwa da ɗakunan shan magani a jihar nan ba za su ko buɗe takardarki ba, alhali irin waɗannan ayyuka ne ke riƙe ƙaramin biro idan gidajen mutane sun yi ƙasa.

Yanzu dal ɗin da ya tsage. A nan za mu faɗa miki abin da ba zai yi daɗi ba: magini ya yi laifi, amma ke ma kin bar sunanki a kan ginin da ba ki da iko da shi. Zanen da aka gina ba kya wurin, idan ya yi kyau na magini ne, idan ya tsage naki ne. Saboda haka ki daina karɓar aikin zane zalla ga duk ginin da ke da dal ko bene. Wanda ya ce zane kawai yake so, ki sa ya sa hannu cewa ba ke ke kula da ginin ba. Kuma duk dal da bene ki nemi injiniyan da zai yi lissafin ƙarfe ya buga hatiminsa, ki sa kuɗinsa cikin farashi tun farko.

Ba sai kin wuni a shantiye ba. Lokuta ne ƙalilan da idan suka wuce ba a gyara su, ki rubuta a yarjejeniya cewa ba a zuba kankare ko cokali ɗaya sai kin gani kin sa hannu. Na farko ranar shata gini da haƙa tushe. Ƙasar Damagaram dutse ce a wani wuri, yashi a wani, har cikin fili ɗaya. Idan rabin tushe ya hau dutse rabi ya zauna kan yashi ko tsohuwar bola da aka cike, ɓangare ɗaya zai nutse ɗayan ya tsaya, bango ya tsage a karkace tun daga kusurwar taga. Ki sa a haƙa ramukan gwaji a kusurwoyi huɗu kafin ki gama zanen tushe.

Na biyu ranar ɗaurin ƙarfe, kafin a rufe shi. Ki zo da ma'aunin kauri a jakarki. Bambancin ƙarfe mai kaurin milimita 12 da mai 10 a ido ƙanƙane ne, amma wanda ya sa mai 10 a gurbin mai 12 ya zubar da kusan kashi 30 cikin ɗari na ƙarfin wurin. Akwai kuma ƙarfen da ake sayarwa da sunan 12 alhali bai kai ba. Sanda mai tsawon mita 12 ta ƙarfe 12 na gaskiya tana yin kilo 10 da rabi da 'yan kai, ta ƙarfe 10 kuwa kilo 7 da kusan rabi. Ki ɗora ɗaya a sikeli a gaban mai gida, ranar nan zai gane abin da yake biyan ki a kai. Ki ƙirga sanduna, ki auna tazarar zobban da ke ɗaure su, ki tabbata an sa 'yan tsakuwar siminti da ke ɗaga ƙarfe santimita 2 da rabi zuwa 3 daga katako, domin ƙarfen da ya kwanta a kan katako zai fito fili ya yi tsatsa. Dal na hurdi 16+4 da aka saba, wato bulo mai rami na santimita 16 da kankare santimita 4 a kansa, idan faɗin ɗaki ya haura mita 4 da rabi kada ki yarda da shi sai injiniya ya duba.

Na uku ranar zubi. Kankaren ginshiƙi da dal yana son kilo 350 na siminti a kowace mita kubik, wato buhu 7 masu kilo 50. A aikace, buhu ɗaya da baro ɗaya na yashi da baro biyu na tsakuwa, idan baron mai lita 60 ne, da ruwa kimanin lita 25. Lebura kan ƙara ruwa don kwaɓin ya yi saurin gudu, kuma ruwan nan da ya yi yawa shi ke ƙafewa ya bar ramuka a ciki. Yashin ma ki gwada shi: ki zuba a kwalba da ruwa, ki girgiza, ki bari ya kwanta. Idan laka a sama ta kusa kashi ɗaya cikin goma na tsayinsa, a canza shi. Bulon siminti mai faɗin santimita 15 kada buhu ɗaya ya wuce bulo 35. Masu buga 50 da 60 suna nan, kuma za ki gane nasu da farce.

Sai maganar ruwa, wadda duk ɗan garin nan ya san zafinta. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke babban birni daga nan zuwa Yamai a 1926, kuma har yau mai gini da tano yake saye. Kankare yana son a riƙa jiƙa shi safe da yamma aƙalla kwana 7, ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai kwana 28. Dal ɗin da aka zuba a Afrilu, rana ta haura digiri 40, aka bar shi ba shayarwa, zai tsage ko da ƙarfensa ya cika. Don haka ki sa kuɗin ruwan shayarwa layi guda a lissafin kaya, kada a bar shi cikin "sauran abubuwa", nan ne farkon abin da ake yankewa. A yi zubi da asuba ko da la'asar, a lulluɓe da buhunan da aka jiƙa ko yashi mai laima. Katako da sandunan tokara kada a cire su kafin kwana 21, ko da mai hayar su ya matsa.

Duk wannan ki rubuta shi a littafin shantiye mai kwafi biyu: kwanan wata, abin da kika gani, abin da kika ce a yi, sa hannunki da na magini, da hoto a waya. Da kina da wannan littafi, da maganar "ginin mace" ta mutu a rana ɗaya. Gidan da ya tsage kuwa kada ki guje shi. Ki je da injiniya, a ɗan sassaƙe wuri ɗaya ko biyu a ga ƙarfen da ke ciki, a gwada da zanenki a gaban mai gida. A manna 'yar farar ƙasa a kan tsagar, a rubuta kwanan wata. Idan ta rabe cikin 'yan makonni, ko tsagar ta kai milimita 2, ko dal ya yi ciki, a tokare shi nan take a fitar da mutane daga ɗakin. Akwai rayuka a ƙarƙashinsa, wannan ya riga batun suna.

Zamanki da magina ma yana son gyara, kuma ba da ɗaga murya ake yin sa ba. Dattijon da ya yi shekara 30 yana gini ba zai karɓi gyara daga 'yar cikinsa a gaban yaransa ba, ko namiji ne ke gyaran. Ki gaishe shi da Baba, ki ja shi gefe, ki fara da tambaya: "Baba, a nan me ya sa kuka fi son a yi haka?" Sau da yawa yana da dalili da babu shi a littafi. Idan ba shi da shi, kin ba shi hanyar sauka ba tare da kunya ba. Amma ranar farko mai gida ne da bakinsa zai faɗa a gaban kowa cewa ba a biyan kuɗin mataki sai da sa hannun Malama. Ki kuma sa a riƙe kashi 5 cikin ɗari na kuɗin ɗan kwangila har gidan ya ga damina ɗaya. Cikin shekara za ki gane magina biyu ko uku masu amana, ki riƙe su, ki riƙa kai musu aiki.

Ki nemi ilminsu na ginin ƙasa da gaske, domin a nan ne za ki bambanta da masu sayar da zanen da aka kwafo daga intanet. Tsohuwar unguwar Birni, da fadar Sarkin Damagaram, suna cikin jerin wuraren tarihi da Nijar ta gabatar wa UNESCO tun 2006, ga kuma gidajen unguwar Zango masu ado a fuska, da yawansu suna lalacewa saboda gyaran da ba a yi da sani ba. Mafi yawan ɓarnar daga yaɓen siminti ne a kan bangon ƙasa: simintin yana tsagewa, ruwa ya shiga bayansa ya rasa hanyar fita, bangon ya narke daga ciki, wata rana fatar ta zubo gaba ɗaya. Tsofaffin magina sun san makuba da katsi da laso, kayan yaɓen gargajiya da ke kare bango daga ruwa, sun san azara ba ta tsallake mita 2 sai da bakan gizo, ginin baka da ke tallafe rufi, sun san indararo gajere shi ke cin gindin bango, kuma bangon gabas ne ruwan damina ke duka. Ke kuma kin san lissafi da zane da rubuta takardar neman tallafi. Mariam Issoufou Kamara, 'yar ƙasar nan da ta buɗe bironta a Yamai a 2014, da bulon ƙasa da ake matsawa da inji ta yi suna, har aikin garin Dandaji na 2018 da aka mai da tsohon masallaci ɗakin karatu aka gina sabo a gefensa. Irin wannan bulo siminti kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari kawai yake ci, ana lulluɓe shi da leda ya nuna a hankali, kuma ɗakinsa ya fi na bulon siminti sanyi nesa ba kusa ba. Mutane suna ganin ƙasa ta talaka ce, don haka kada ki yi musu wa'azi. Ki sami wanda zai yarda a yi masa ɗaki ɗaya ko zaure, ki kai masu shakka su zauna ciki da azahar a watan Mayu.

Akwai kuma ƙofar da ke buɗe gare ki wadda abokan aikinki maza ba sa shiga. Alhaji ne ke biya, amma uwargida ce ke wuni a gidan, kuma ba kasafai ake tambayar ta ba. Ki shiga cikin gida ki zauna da ita awa guda. Ina take girki, da itace ko da gas? Hayaƙi ina yake bi? Ina ake wanki da shanya, ina ake ajiye tanon ruwa da buhunan hatsi, daga ƙofar zaure ana hango tsakar gida? Idan mata biyu ne, ɗakunansu daidai suke a faɗi da iska? Gidan da ya amsa waɗannan tambayoyi, matan ne za su yi miki talla a wajen biki da suna.

Maigida kuwa ya cancanci ya ga lissafi. Ki nuna masa littafin, ki gode masa, ki nemi wata shida da sabon tsari, da sharaɗin da ku biyu kuka yarda da shi: idan a wata na shida biro bai biya hayarsa da albashin yaro da kansa ba, a sake zama. In hayar ce ta fi nauyi, ki koma aiki daga ɗaki ɗaya a gida na ɗan lokaci, ki riƙa ganawa da masu gini a filinsu. Masu tayin Yamai ki tambaye su ko suna ɗaukar mai ba da shawara na 'yan kwanaki a wata, ko suna da aiki a jihohin Damagaram da Diffa da ke son mai sa ido a kusa. Idan kuma bayan wata shida kin ga albashin ne ya fi muku, ki tafi ba tare da jin kin faɗi ba, shekara biyu a babban shantiye ilmi ne da za ki dawo da shi.

Mutum taran da ke riƙe da kuɗinki, ki rubuta wa kowannensu takarda mai ladabi da adadin da ya rage, ki kai da kanki, ki ba da zaɓin biya sau uku. Waɗanda gininsu bai kai dal ba, ki fara da su, ki ce za ki zo duba ƙarfe kafin zubi idan an biya kashin farko.